Jiƙon da na zuba a tukunyar taubashina

Assalamu alaikum. Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawa ne ni, kuma wautar tawa ba ta ƙuruciya ba ce, da gemuna na yi ta. Majemi ne ni a nan Sakkwato, jimar fata na gada, ita kaɗai na iya. Boko kuwa aji biyu na yi na yaƙi da jahilci, shi ma don ana raba littafi kyauta ne, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙa. Lokacin da abin ga ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina ji da kaina ƙwarai. In dukawa masu ɗinka jaka da takalmi sunka shigo majemarmu neman jar fatar akuya, rumfata suke fara tsayawa. Ga ni da tsokana, ba wanda na bari, har mai kawo mana fura sai da ta canza hanya.

A rumfar da ke jikin tawa akwai taubashina, ɗan ƙanwar babana, na girme shi da shekara uku. Kun san yadda muke da taubashi. Ka ɓoye mishi takalmi, ka sa mishi gishiri a kunu, ba laifi, muddin daga baya ka zo ka tsaya gabanshi ka ce ni ne, a yi dariya a tashi. Haka munka taso. Shi mutum ne mai sanyi, ba ya da yawan magana, sai dai yana da wata cuta guda: ba a ce mishi haka ake yi ya yi shiru, sai ya tambayi dalili.

Abin da ya dame shi shi ne jan da muke yi. Mu dai yadda munka gada, in fata ta sha bagaruwa ta jemu, sai a rina ta da karan dafi da 'yar kanwa, ta fito ja gwanin sha'awa. Amma jan nan yana zuba. Mutum ya rataya jaka kan farar riga, ya yi gumi, sai ya koma gida kamar an yanka shi. Kowa ya san haka, ba wanda ya ɗauke shi matsala, sai taubashina. Ya je ya sayo ƙananan tukwane goma sha biyu ya jera bayan rumfarshi. Kowacce ya sa mata ɗan yankin fata kamar tafin hannu. Yana auna karan dafi da gwangwanin tumatir, kanwa da murfin kwalba, ya rubuta da gawayi jikin bango da ajami. Tukunyar farko yakan yi ta daidai yadda iyayenmu ke yi, wai don ya san da me zai gwada sauran. Kuma kowace tukunya abu guda tak yake canza mata. Na taɓa ce mishi ya zuba komi wuri guda ya huta, ya ce in ya canza abu biyu fata ta yi kyau, wanne cikinsu zai gode ma.

Ni na laƙaba mishi sunan mai tuwo-tuwo, na ce in ya gama girkin ya sam mana. Majema duka ta ɗauka. Amma ga gaskiyar da ban taɓa faɗa ba. Dukawan nan in sun sayi fata wurina, sai in ga sun zagaya bayan rumfarshi sun tsugunna suna kallon tukwane, suna tambayarshi, yana ba su amsa a hankali kamar wani likita. Ni kuɗi suke ba ni, shi kuwa kunne suke ba shi. Wallahi in na ji dariyarsu daga can, har goro ɗaci biyu yake yi a bakina.

A lokacin ina fama da basir, Allah ya raba ku da shi. Na sayi jiƙon sassaƙe a wata gorar roba hannun wani mai magani da ya kasa kaya ranar kasuwa a Wamakko. Baƙi ne wuluk, ga wari, in na buɗe shi na kusa da ni sai sun matsa. Wata Juma'a kowa ya tafi wanka zai wuce masallaci, na tsaya rufe rumfa. Na waiga na ga tukwanen nan a jere, sai zuciya ta ce min yi. Na buɗe ta bakwai, na tuttula mata rabin gorar, na rufe. Nufina fatar ta ruɓe ko ta yi baƙi, ya buɗe gaban mutane a yi mishi dariya. Na wanke hannu na tafi na bi sahu, har da dogon tasbihi.

Bayan kwana uku ya buɗe tukwane. Ina zaune ina jiran dariyata. Da ya kai ta bakwai ya daɗe a tsugunne, sannan ya ɗago fatar ya wanke ta ya shanya. Tun da uwata ta haife ni ban ga ja irin wannan ba. Ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu sosai, in ka karkata shi ga rana sai ya yi wani walƙiya ta ciki. Da ta bushe ya jiƙa hannun farar rigarshi ya goga, ya sake gogawa da ƙarfi, rigar nan ko ɗigo. Majema ta taru. Wani tsohon baduku ya sa fatar a goshi yana salati. Ni kuwa ina tsaye baya ina kallo. Abin da na zuba don in kunyata shi, shi ne ya ɗaga shi sama.

Nan ne wurin da ya kamata in fito in ce ni ne, a yi dariya, in miƙa mishi gorar. Har ya juyo ya dube ni, ya ce taubashi yau ba ka da magana ne. Na ce me zan ce, tuwo ya nuna. Na koma rumfata.

Tunanina shi ne tunda sirrin yana hannuna, ni zan ci. Washegari na ɗauki fatu ashirin masu kyau na kai gida, na haɗa rini a babbar randa, na juye sauran jiƙon duka. Ban auna komi ba, ai ni gwani ne, ido ya ishe ni. Bayan kwana uku fatun sunka fito kalar laka, wasu da dabbare-dabbare kamar kura. Na kai su can Dundaye na sayar wa masu ɗinka guga a wulaƙance. Na ruga Wamakko neman mai magani, kasuwa huɗu ina zuwa, anka ce baƙo ne, ya wuce, ba wanda ya san garinsu. To ga gora ta ƙare, ga basir yana nan, ga fatu ashirin sun tafi rijiya.

Shi kuwa taubashina ya koma ga bangonshi. Bango ya ce tukunya ta bakwai gwangwani biyu ne, da rabin murfi, da kwana uku. Ya maimaita daidai, ja ya fito irin na kullum, yana zuba. Ya sake, ya sake. Ya ce ko ruwa ne, ya gwada na rijiya, na famfo, na gulbi. Ya ce ko tukunyar ce, ya koma wurin maginar da ta yi ta. Ya gwada fatar bunsuru da ta akuya, ya jira damina, ya jira zafi. Wata hajiya mai shagon jakunkuna ta taso tun daga Abuja saboda ɗan yankin fatar nan da labarinshi ya kai mata, ta ce duk abin da ya rina ita za ta kwashe. Ya ce mata ba zai yi mata ƙarya ba, bai san yadda ya yi shi ba tukuna, ta ba shi lokaci. Ta dawo sau biyu, daga nan ba ta ƙara ba. Duk ina kallo daga rumfata. Kuma ku ji halin ɗan Adam, duk ranar da ya goga fata ga riga ta yi ja, sai in ji abinci ya yi min daɗi.

Ban tsaya nan ba. Don kada hankalin kowa ya zo kaina, sai na shiga gaya wa mutane cewa ai abin nan ba aikin hannu ba ne. Ranar Juma'a anka haɗa shi, ya dace da sa'a, kyauta ce Allah ya yi mishi sau guda, wanda ya ci gaba da tono kuwa yana ja da ikon Allah ne. Magana ta yi daɗin ji, ta bazu. Wasu sunka ƙara da nasu, wai mutanen ɓoye ne na tsohuwar rijiyar majema sunka sa hannu. Har dattawa sunka kira shi sunka yi mishi nasiha ya bar tukwanen nan ya kama sana'a. Ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce shi bai musa kyautar Allah ba ce, amma shi a saninshi Allah yakan ba da abu ta hanyar sababi, ko ruwan sama sai da hadari, kuma neman sababin ba rashin godiya ba ne, ƙarin godiya ne. Ni na fi kowa ɗaga murya a wurin, na ce ku ji shi, ya zama malami. Ni da na san sababin yana cikin gorar basir.

Shekara goma sha tara munka yi haka, rumfa jikin rumfa. Muna cin abinci kwano guda, na aurar da 'ya'yana yana gaba, ya aurar da nashi ina gaba. Jan nan bai sake samunshi ba. Amma cikin neman nashi ya gano wani rini ruwan ƙasa mai kyau, ya gano yadda za a rage warin fata, har yanzu majemarmu da hanyarshi ake aiki, har da ni, ba kunya. Ko wannan ma sai da na ji haushinshi, mutum ya ɓata hanya kuma ya dawo da kaya.

Bara ciwo ya kama shi, ɓarin jikinshi na dama ya shanye. Anka kwashe tukwanen, wani ya shafe bangon da siminti. Na yi wata biyu ina zuwa gaishe shi gidanshi a unguwar Gidan Dare, ina zama ina tsokanarshi ina tashi da maganata a ciki. Wata ranar Talata da hantsi dai na daure. Na ce taubashi, tukunya ta bakwai ni ne. Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage mishi, har hawaye. Maganarshi ba ta fita sosai, sai na matsa. Ya ce ai tun da ya ɗaga murfin ya sani, wa ye a majema bai san warin maganin basir ɗina ba. Ya ce jira ya yi in zo in ce ni ne kamar yadda munka saba, da ya ga ban zo ba sai ya gane ba wasa na yi ba, shi kuma bai iya buɗe baki ya tuhumi ɗan kawunshi da mugunta. Ruwa da tukunya da fata duk ya gwada su ne don ya tabbatar ba su ba ne. Daga nan ya bi masu magani a ɓoye, shekara da shekaru, yana sayen jiƙon basir iri iri yana zubawa murfi murfi, lafiyarshi lau, har matarshi ta riƙa yi mishi sannu. Bai dace da irin nawa ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Na ɗauka gwaninta ita ce ka iya abin da ka gada, ashe wanda ke tsugunne gaban ƙananan tukwane yana kuskure yana rubutawa shi ne ke ƙara wa gadon wani abu. Sa'a ta faɗo hannuna ni ma, rabi da rabi munka raba ta, nawa rabin na zubar cikin kwana uku don ban san tambaya ba. Mafi muni, na ɗauko sunan Allah na rufe ɓarnata da shi, wannan kam kullum ina istigfari. Ina kira ga 'yan uwana masu sana'a, in kun ga wani cikinku yana gwaje-gwaje, in ba za ku taya shi ba ku ƙyale shi. In kun ji ana cewa kada a bincika abu don ikon Allah ne, ku dubi mai faɗar da kyau, wataƙila irina ne. Wanda kuma ya yi wa ɗan'uwanshi ɓarna, ya faɗa tun abin yana da amfani. Ni na faɗa lokacin da hannun da zai auna ya riga ya mutu.

Na roƙi gafara, ya ce ya yafe tun tuni. Na sa takalmi zan fita sai ya kira ni, na dawo na duƙa kusa da bakinshi. Ya ce, "Taubashi, fatun nan ashirin da ka kai Dundaye. Ka dai auna abin da ka zuba musu?"