Ƙasar da Dukushi Ya Taka

Abin da na zuba a kan dukushi ɗaya, ina da shekara talatin da 'yan kai, ba shi da wuyar lissafi. Wanet ɗina, motar da nake kai ciyawar barsim da sha'ir gidajen dawaki da ita. Rumbun abincin dabbobi da na gina da hannuna a unguwar Kumra. Warwaron zinariya na matata Zulai, wanda ta zare ta ajiye mini a kan tabarma. Sai kuma sunana, wanda na daɗe ina tarawa a tsakanin masu dawakin Jidda. In dokin ya fito, na zama dillali na gaske. In bai fito ba, in koma tura amalanke kamar yadda na fara. Abin da ya raba mini gardama kuwa, tatsuniya ce da na ji ina yaro a gaban kaskon gyaɗa.

A unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ni, lokacin da gidajenmu na kwano ne da katakon akwatunan da ake zubarwa daga tashar jirgin ruwa. Babanmu ɗan dako ne a tashar, innarmu tana wanki a gidajen attajirai, saboda haka a hannun kakarmu Hajja Kande muka tashi, ni da ƙanwata Hauwa. A waje Sitti muke ce mata kamar yaran Larabawa. A gida kuwa in ka ce mata Sitti sai ta yi kamar ba ta ji ba, sai ka ce Kaka.

Gyaɗa take sayarwa a bakin tasha. Bayan magariba za ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko, ta zuba yashi, sai ya yi zafi sannan ta juye gyaɗar a ciki. Mu kuma mu kewaye ta, danshin teku yana manna mana riga a jiki, muna jiran wadda ta ƙone, domin ita ce rabonmu. Ba kowane yashi take yarda da shi ba. Na taɓa ɗebo mata na bakin teku don ya fi kusa, ta murza shi da yatsu biyu, ta ɗanɗana, ta ce in mayar wa kifi kayansa. Na kwari take so, mai laushi, marar gishiri. Ni ne maigidanta, haka take kirana, kuma kullum ƙorafinta shi ne ta auri malalaci.

Idan gyaɗa ta fara ƙamshi sai ta buga ludayi a bakin kasko ta ce, “Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai buɗe mata?” Mu ce ta shigo, sai tatsuniya ta fara. Daga nan duniya ta koma can ƙasar da ba mu taɓa gani ba, mai kuka da rimi da damina mai tsawo.

Na tuna ranar da ta fara yi mana tatsuniyar dukusai biyu. Wani alhaji ne ya sauka a gidan maƙwabcinmu, ya zo ta jirgin sama, abin da a lokacin sai wane da wane. Ya shigo gaishe ta, ya ji cewa da ƙafa ta zo, ta Barno da Sudan, tana tsayawa noman ƙodago a hanya har ta tsallako teku. Ya yi dariya, ba da mugunta ba, ya ce, “Hajja, ai ni jiya a Kano na karya kumallo.” Kaka ta ce masa Allah ya karɓi ibada, ta cika masa aljihu da gyaɗa. Da ya fita ta buga ludayinta.

Wai wani madugu ne zai yi tafiya gabas, yana neman dokin da zai hau. Goɗiyarsa tana da 'ya'ya biyu, fari da ja. Sai ya ce su ruga zuwa wata kuka su dawo, wanda ya riga shi ne nasa. Hanya biyu ce ke zuwa kukar, tsawonsu ɗaya, ɗaya ta kan fako, ɗaya ta cikin yashin kogi. Fari ya bi fako, ya dawo ana ta guɗa, ko gumi bai yi ba. Ja ya iso a makare, yana haki, yashi har gwiwa. Madugu ya tambayi goɗiya, ke da kika haife su, wanne ya fi? Goɗiya ta ce, “Duka ni na shayar da su. Gobe ka musanya musu hanya, sai ka sake tambayata.” Madugu ya ce ba shi da gobe, ayari na jira. Ya ɗaura wa fari sirdi, ya labta wa ja kaya. Da suka kai ƙasar yashi, fari ya fara nutsewa, ya durƙusa, ya ƙi tashi. Ja kuwa tafiya yake kamar a gidansu. Haka madugu ya sauke kayansa ya bar su a daji, ya hau ja, ya tsira da ransa kaɗai.

Hauwa ta tambaya me ya hana madugu ya jira goben. Kaka ta ce kunnensa irin na yayanki ne, ado aka yi masa da shi. Ni kuma na ce ai fari bai yi laifi ba, hanya aka ba shi ya bi. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta ce, “Yau maigidana ya yi magana. Fari bai yi ƙarya ba, ya yi gudu. Ba a dai tambayi ƙasar da ya taka ba.” Sannan ta ce baƙuwa ta tafi, a rufe ƙofa, kowa ya nemi tabarmarsa.

Ta maimaita mana ita sau da yawa har na gaji da ita. Na fi son masu kura da dodo. Ta rasu ina tura amalanken barsim, ban kai ga sayen jaki ba ma.

Daga barsim na san barga, daga barga na san doki. A shekarun nan ne agogon gudu ya shigo hannunmu, mai maɓalli a ka. Wani Bamisire mai horar da dawaki ya koya mana yadda ake yi: a sa dukushi ɗan shekara biyu ya ruga zango ɗaya sananne, a danna agogo, a mayar da lokacin maki. Wanda ya fi sauri ya fi maki, wanda ya fi maki ya fi tsada. Ni abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Kafin nan mai doki zai zaunar da kai ya karanto maka kakannin dokinsa har bakwai, ya rantse, ya ba ka gahawa, ka saya. Agogo ba ya shan gahawar kowa.

Ina da abokin ciniki, Usman, Bahaushen Sudan, mutum mai gaskiya da saurin fushi. Muka shirya mu haɗa hannu mu sayi dukushi ɗaya, mu horar, mu sayar bayan ya nuna kansa. Biyu muka gani. Akwai hurde, mai ɗigo-ɗigon toka, a wata barga ta kudu kusa da teku, makinsa ya fi na duk wani ɗan shekara biyu da aka gwada a bana. Akwai kuma wani ja a wata gona ta hanyar Makka, makinsa tsaka-tsaki, amma ƙirjinsa da kafaɗunsa sun tsaya mini a rai. Usman ya ce khalas, wato magana ta ƙare, agogo ya faɗa.

Muka je biyan kuɗin hurde. Ina tafe a filin da aka gwada shi, sai na ji takalmina yana ƙara kamar a kan siminti. Sabka ce, ƙasar gishiri da rana ta busar. Na sunkuya na murza, na kai baki. Gishiri. A tsaye a wurin na ji ƙamshin gyaɗa. Filin gonar ja kuwa na san shi, kwari ne, irin yashin da Kaka take aikena ɗebowa.

Masu dawakin ba za su yarda a musanya wa dukusansu fili ba, wannan na sani. Amma ina da wani tsohon doki da aka ba ni kyauta, Shayib, wanda ya yi sukuwa a zamaninsa, kuma gudunsa ɗaya ne kullum, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Na roƙi Usman ya ba ni 'yan kwanaki. Na kai Shayib sabka da safe, na danna agogo. Na bar shi ya huta sosai, na kai shi kwari, mahayi ɗaya, zango ɗaya, na sake dannawa. A kan sabka tsohon nan ya ci makin da ko yana saurayi bai taɓa ci ba. Tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ta fi tazarar da ke tsakanin hurde da ja. In ka cire wa kowa rabon ƙasarsa, ja ne a gaba.

Na faɗa wa Usman, har da tatsuniyar. Ya kira sunana ya ce, “Ya Bakur, yanzu tsohon doki da tsohuwar da ke kabari su ne za su zaɓar mana?” Ya ce makin hurde ido ya gani, nawa kuwa a kaina na haɗa shi, kuma wa ya sani ko Shayib ya tashi da ciwon ƙafa ne ranar kwari. Maganarsa tana kan hanya, ban iya musa ta ba. Ya janye rabonsa, ya shiga hurde da wasu, ni kuma na sayi ja ni kaɗai. Ta haka wanet da rumbu da warwaron Zulai suka shiga ciki.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ni da nake sayar da barsim na koma saye a hannun yaran da na koya wa sana'a. Zulai tana rufe hannunta da mayafi in za ta gidan suna. Da zafi ya yi aka koma Ɗa'if, garin kan dutse mai sanyi, da sukuwa, aka jera 'yan shekara biyu a fili ɗaya, ƙasa ɗaya. Hurde ya fita kamar kibiya. Da aka yi nisa sai ya fara sassautawa, ja yana tahowa, yana wuce su ɗaya-ɗaya. Bai ci ba. Na biyu ya zo, bayan dokin wata babbar barga. Hurde yana can tsakiya. Kafin a kwance wa ja sirdi mutum biyu sun tsaya a kaina suna taya shi. Ni kuwa na zauna a ƙasa na ce a ba ni ruwa.

Tun daga ranar ban ƙara karɓar makin dukushi ba sai na san filin, na san iska, na san nauyin mahayi. Na ɗauka iyakar darasin ke nan. Sai da na manyanta, wata rana ina yi wa jikokina tatsuniyar da Larabci, don Hausarsu ta ji ce ba ta faɗa ba, na tuna alhajin jirgin sama, na tuna kuma ƙafafun Kaka a gefen kasko, faso ya tsattsaga su kamar busasshiyar fadama. Ashe ba labarin doki take yi ba. Amsa ce da ba ta bai wa baƙo ba, ta ajiye mana.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Warwaron Zulai ya dawo, har da ƙarin ɗaya. Rumbu na fanshe shi. Wanet ta tafi, wanda ya saya ya ƙi sayar mini, na riƙa ganinta a hanyar Kumra har ta mutu. Usman ya yi fushinsa ya huce, shi ne ma daga baya yake zuwa aron Shayib. Sunana ya tsira, da shi na ci abinci har yau. Asara ɗaya ce ban iya mayarwa ba: wadda ta san ƙasar da ta taka daga Kano zuwa Jidda ta tafi da labarin, mu kuwa a lokacin gyaɗar da ta ƙone muke jira.