Ranar da Gwaggo Ige Ta Ƙi Faɗin Sunan Ɗanta a Masar

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen mutane, amma har yau bai taɓa mini ranar da na raka Gwaggo Ige Masar ba. Ku 'yan yanzu da kuke ganina da sanda in na leƙo gaishe ku, kuna cewa Inna Kulu ko Gusau ba ta sani ba, to ku gyara zama.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin atenda a ɗakin mata na asibitinmu. Ga wanda bai sani ba, atenda ita ce ƙasan kowa. Likita ya duba ya wuce, nas ta ba da magani ta rubuta, mu kuwa mu ne masu ɗaga mara lafiya, mu yi mata wanka, mu canja zanen gado, mu kai fo mu dawo da shi. Ban yi boko ba, da babban yatsa nake sa hannu, amma ban taɓa juya mara lafiya ta yi ƙara ba.

Saura shekara biyu in ajiye aiki aka kawo Gwaggo Ige daga wani ƙauyen masu noman shinkafa. Ta zame a fadama, ƙashin ƙugunta ya karye. Mako shida tana hannuna. Ɗanta da ke koyarwa a Alƙahira ya samo mata asibiti a can, aka sa ranar yi mata aikin tiyata safiyar wata Alhamis. Likitan can ya ce in ranar ta wuce sai bayan wata uku, kuma ƙashin ba zai jira ba, tana iya ƙare kwananta a kwance. Metiron, wato shugabar nas-nas, ta zaɓi Sista Rifkatu ta Sabon Gari ta raka ta, don ita ce mai Turanci. Gwaggo ta ce atafau, babu mai ɗaga ta sai Kulu.

Metiron ta kira ni ofis.

"Kulu, kin taɓa shiga jirgi?"

"Na shiga na ruwa, ranki shi daɗe."

"Na sama nake nufi."

"Shi ma ai ba ni za ni tuƙa ba."

Takardunmu ba su fito ba sai a ƙurarren lokaci, don haka ranar Laraba muka tashi, ana gobe aiki. Ana idar da asuba na fito daga unguwarmu Minanata. Jirgin da aka ce zai kwashe mu zuwa Abuja da hantsi, sai da rana ta yi zafi ya iso. Sista na ta duban agogo tana tsaki, Gwaggo kuwa tana ta cin goronta kamar an zo biki. Da muka sauka Abuja sai gudu, ina tura kujera mai taya, gyalena yana ja a ƙasa, Sista a gaba da takardu tana ba mutane haƙuri.

Wurin masu binciken kaya suka tsare kwalbar man shanun Gwaggo, wai ba a shiga da abu mai ruwa. Na ce wa ma'aikacin, "Taɓa ka ji, ɗana, a daskare yake." Ya ce ai zai narke. Na ce to kai ma in aka sa ka rana za ka narke, an hana ka shiga? Bai yi dariya ba, man shanu ya tafi. Daddawa kuwa suka bar mana ita, kuma kafin mu sauka babu wanda bai san da ita ba a jirgin nan.

Amma akwai daɗi. Ashe mai kujera ake fara shigarwa, da ita da mai tura ta. Ga manyan alhazai da manyan riguna tsaye a layi, ni Kulu atenda na ratsa ta gabansu ina ɗaga musu hannu.

Sista Rifkatu, in kun haɗu da ita, za ta gaya muku wai da jirgi ya fara girgiza na riƙe hannunta har sai da ya yi shati. Na riƙe kam, amma don in kwantar mata da hankali ne, yarinya ce. Abinci suka kawo da wani ɗanyen ganye wanda ko akuyata sai ta yi shawara. Babban aikin shi ne kai Gwaggo bayi. Ɗakin bai kai akurkin kaji ba, ga shi babu buta. Da gorar ruwa na yi dabara, na goya ta na shigar da ita na fito da ita, ko uhum ba ta ce ba. Ma'aikaciyar jirgin ta tsaya tana kallona, ta tambayi Sista a wace makaranta na koyo.

Bayan magariba muka sauka. Na ce alhamdulillahi, wahala ta ƙare. Ashe ba ta fara ba.

Kafin ka shiga ƙasar mutane akwai wani ma'aikaci a cikin ɗan keji na gilashi, shi ke duba fasfo ya buga hatimi. In bai buga ba, jirgin da ya kawo ka shi zai mayar da kai. Namu wani mai gashin baki ne, da ganinsa ya gaji. Ya buga na Sista, ya buga nawa. Da ya zo kan Gwaggo ya karanta takardar asibiti, ya ce wa Sista ita tafinta ce kawai, kada ta amsa wa tsohuwa komai, daga bakinta yake son ji. Ya ce a tambaye ta wurin wa ta zo.

Gwaggo ta ce, "Wurin wancan."

"Wane ne wancan? Yaya sunansa?"

Ta kawar da kai tana kallon bango.

Ya ɗago takardar da ke da hoton ɗan, ya ce wannan ɗanki ne? Gwaggo ko kallon hoton ba ta yi ba, ta ce, "Ɗan mutane na."

Sista kuwa, Allah Ya ba ta gaskiya har ta yi mata yawa, ta juya masa maganar yadda take. Mutumin ya ajiye hatimi. Takarda ta ce ɗanta ne, tsohuwa ta ce ɗan mutane ne, sunansa ma ba ta sani ba. Ya kira wata ma'aikaciya, aka kai mu wani ɗaki a gefe, aka karɓe fasfon Gwaggo.

Abin da ba su sani ba, ɗan nata Yusufu ɗan fari ne. Matan zamaninmu ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa nuna nasu ne a gaban mutane, wasu ko kallonsa ba sa yi. Shekara arba'in da wani abu Gwaggo ba ta taɓa furta sunan nan ba. Sista ta yi ta bayani da Turanci. Mai gashin baki ya ce shi bai taɓa jin uwar da ke kunyar ɗanta ba, kuma ya sha ganin an shigo da tsofaffi da takardun ƙarya. In ba ta faɗa ba, akwai jirgi gobe da safe.

Sista ta durƙusa. "Gwaggo, don girman Allah, sau ɗaya kawai. Ba wanda zai ji."

"Allah na ji," in ji Gwaggo. "A maishe ni gida in mutu bisa gadona. Ba ni faɗi."

A ƙa'idar aiki, inda nas ke magana atenda ba ta sa baki. Amma na dubi ƙafar nan da na yi mako shida ina juyawa, na ce Sista, matsa. Ke dai ki juya mishi abin da kika ji, kada ki ƙara kada ki rage. Wannan ai aikinmu ne na kullum. Mata nawa aka kawo ɗakin mata ba sa faɗin sunan miji, mu ne ke zagayawa mu ciro wa mai rubuta kati.

Na zauna a ƙasa gaban kujerarta, na gyara mata zane.

"Gwaggo, wancan da ya aiko anka kawo ki, sunan wa ya ci?"

Ta ce, "Mai sunan wanda 'yan'uwanai sunka jefa rijiya."

Sista ta juya musu maganar. Ma'aikaciyar ce ta fara ganewa, ta dafe ƙirji ta ce, "Yusuf!" Mai gashin baki ya dubi takarda, ya dube mu. Ya ce to suna ya fito, saura ɗanta ne ko ba ɗanta ba.

Na ce, "Gwaggo, da anka haihe shi, wa ta sha kunun kanwa? Wa anka dafa ma ruwan wanka kwana arba'in?"

Ta jawo mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga ciki muka ji ta ce, "Kulu, ke dai ba ki da ta ido. To wa za a dafa ma? Maƙwabciya?"

Sista tana juyawa tana dariya tana share hawaye. Ma'aikaciyar ta sunkuya ta sumbaci Gwaggo a ka. Mai gashin baki ya girgiza kai, ya fita, muka ji ƙarar hatimi daga waje. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Yusufu yana bakin ƙofar fita, ƙato da furfura a gemu, ya fi awa biyu tsaye. Yana hango mu ya zube gaban kujera yana kuka, yana cewa Inna, Inna. Shekara shida rabonsu da juna. Gwaggo ta juya fuska wajen wani shagon sayar da jakunkuna kamar ciniki ta zo yi. Sai da muka kusa mota ta jawo hannuna, ta ce a hankali, "Tambayi wancan ko yana cin abinci. Ya rame."

Da safe aka yi aiki. Wata biyu bayan nan da ƙafarta ta shigo ɗakin mata gaishe mu.

To ku da kuke riƙe da biro da kati yanzu, in tsohuwa ta yi muku shiru kada ku rubuta ba ta sani ba, kada kuma ku ɗaga mata murya. Ta sani sarai. Ku ajiye biron, ku zauna ƙasa, ku tambaye ta ta inda za ta iya amsawa.