Rodin Baba

Ranar wata Asabar ce, a daminar da nake aji biyar, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsayar da kurarsa a ƙofar gidanmu a Kudenda. Ina tsugune ina wanke-wanke, ina kallon Mama tana fito masa da fasasshiyar tukunya, da tsohon rishonmu, da ƙafar gadon da ta karye. Tun shekaranjiya rabon gidanmu da tuwo. Da ta ga kayan ba su taka kara sun karya ba, sai ta waiwayo ta ce, "Rifkatu, ɗauko mini rodin nan na bayan ƙofa."

Rodin bai fi tsawon hannuna ba, amma shi ne sakatar ɗakinmu tun kafin a haife ni. Baba ya sha gaya mana cewa ranar da kamfaninsu ya murza ƙarfen farko, an yayyanka sandar aka ba kowane ma'aikaci guntu. A lokacin, in ji shi, an shirya za a haƙo dutsen ƙarfe a ƙasarmu, a narka shi a wata babbar masana'anta can kudu, jirgin ƙasa ya kawo musu, su kuma su mayar da shi rodin gini. Mu yara da jiniyar kamfanin muke sanin lokacin makaranta. Da yamma Baba zai dawo a kan kekensa, hannayensa duk tabon tartsatsi, da gwangwanin madarar da ake ba masu aikin gaban wuta, wadda bai taɓa sha ba sai ya kawo mana. Daga baya ƙarfen kudu ya daina zuwa. Aka sayar da kamfanin, aka shafe sunan da ke ƙofa da fenti, aka sake sayarwa. Masu shi na ƙarshe suka koma narka bola, suka sallami tsofaffin ma'aikata, suka ɗebi 'yan aikin wuni. Tun daga nan Baba ya zama mai zaman ɗaki, ba ya ko zuwa ƙungiyar mawaƙan coci.

Ni kuwa yarinya ce da ko malami ya kira sunana sai na sunkuyar da kai. Amma da na ɗauko rodin, na ji sanyinsa a tafina, sai na tambayi mutumin inda zai kai shi. "Kamfanin can mana, 'yammata, su narka," ya ce. Wato sun kori Baba, yanzu kuma za su narka ɗan abin da ya rage masa. Na ajiye rodin a ƙasa, na zauna a kansa cikin laka, na ce ba zan tashi ba.

"Ikon Allah, yau kurma ta yi magana!" in ji Mama. Ta ja kunnena, ta ce ko rodin zan dafa wa ƙannena. Mutumin ya yi dariya, ya ce ƙarfe ne fa, ba ɗan'uwana ba. Ina kuka, amma ban motsa ba.

Sai Baba ya ɗaga labule. Ya kalle ni, sannan ya shiga lungu ya turo kekensa. "Malam, ɗauki wannan," ya ce. "Ba inda zai sake kai ni. Ku bar mata rodinta." Da daddare muka ci tuwo da miyar karkashi, kuma washegari Baba ya sa rigarsa ya raka mu coci a ƙasa.

Yanzu idan na wuce Kudenda, hayaƙi na tashi amma ba jiniya, yaran unguwar kuma suna jan mayen ƙarfe cikin shara suna tara ƙusoshin da za su sayar. Baba ya rasu. Rodin yana bayan ƙofata a Unguwar Mu'azu, ya yi baƙi, bai lanƙwashe ba. Har yau ba na sayarwa ba ne.