Ranar da Na Hau Darbejiya Saboda Gashin Hajiya

Duk abin da tsufa ya ɗebe mini daga ka, ban taɓa mantawa da ranar da na hau darbejiya ba, da aurena da 'ya'yana, saboda gashin wata mata. Ku da kuke aiki a shagunan gyaran gashi yanzu, da madubi bango guda da na'urar busar da kai, kun sha tambayata yadda ake gane wurin kitso na kirki. To, ku gyara zama.

Cikin shekarun saba'in ne, ba a daɗe da barin fam da sule ba, mu nan Gumel kuwa muna cikin Jihar Kano. Ina aiki a gidan Gwaggo Tabawa, wadda ta koya mini sana'a. Ba shago ba ne. Tsakar gida ce da tabarmi a gindin darbejiya, sai ɗaki guda na manyan baƙi. Aikin hawa-hawa ne. Sabuwar zuwa da tsefe take farawa, wato warware tsohon kitso. In hannunta ya faɗa a ba ta wankin kai da karkashi, daga nan yankan farce da ƙunshi. Kitso shi ne ƙarshe. Ni a lokacin na kai kitso, ni ce ta biyu a gidan, kuma ina ji da kaina ƙwarai.

Babbar dokar gidan ta shara ce. Duk gashin da ya zube wajen tsefe da duk farcen da aka yanke, a ƙwarya ake tara su, a ƙulle a tsumma a miƙa wa mai su ta je gida ta binne. Mata na tsoron kada abinsu ya faɗa hannun mai asiri. Sun fi ma tsoron tsuntsu, don an ce idan ya yi sheƙa da gashin mutum, ciwon kai ya kama shi ke nan, in abin ya yi nisa har ya fara sambatu. Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, gidan da aka ce gashi na ɓacewa a cikinsa, babu macen da za ta sake kwantar da kai a cinyar mai shi.

Babbar baƙuwarmu ita ce Hajiya Dije, matar wani falken shanu daga Maigatari. Ba sunanta ba ne na gaskiya, na canja shi, za ku ji dalili. Mace ce doguwa mai son a yabe ta, hannunta a sake, kuma duk ƙasar nan an san ta da gashi. In ta zame gyale a gidan biki, jelar kitsonta har gadon baya, mata su yi ta kallo suna haɗiyar yawu. Abin da ba su sani ba, gashin Hajiya na kanta bai cika tafin hannu ba. Zazzaɓin haihuwa ne ya kwashe shi tun tana yarinya. Sauran duk izgar sa ce. Gwaggo ke sayowa a ɓoye wurin mahauta, ta wanke, ta rina da shuni, ta tausasa da man shanu, ta saƙa cikin kitson yadda ko ita Hajiyar in ta kalli madubi sai ta manta. Mu uku kaɗai muka sani, kuma a ɗaki ake yi, ƙofa a rufe.

Ranar farkon damina ce. Hajiya ta iso da hantsi, za ta je sunan jikar ƙawarta a Gagarawa washegari. Muka shiga ɗaki na yi mata tsefe. Nata gashin da ya zube na sa a 'yar ƙwarya na rufe na tura ƙarƙashin gado. Izgar kuwa na wanke na shanya a faifai bayan ɗaki, inda ba a zuwa. Kafin ta bushe Hajiya ta ɗaure kai tam da kallabi ta fito gindin bishiya a yi mata farce da ƙunshi. Aka yanke farce, aka ɗaure ƙafafu da lalle, hannuwan nan biyu aka zura su cikin zunguru, wannan dogon ƙoƙon da ake sa hannu don kada lalle ya goge.

Akwai mata biyu masu jiran layi, ga kuma Yalwa dillaliya ta baje kayanta tana tallar turare da tsakiya. Yalwa irin mutanen nan ce da in sun ji magana da safe, kafin la'asar ta kai Sule Tankarkar ba tare da kuɗin mota ba. Gida-gida take shiga, kuma ba ta shiga da baki a rufe.

Ana cikin hira sai ga wata gwara, 'yar tsuntsuwar nan mai rashin kunya, ta taso daga bayan ɗaki da silin gashi dogo a baki yana reto. Ba ta ma yi sauri ba. Ta sauka kan katanga ta gyara riƙo, kowa na kallo, sannan ta haye can ƙololuwar darbejiya.

Yalwa ta dubi kan kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ai tsayin nan ba a tambaya, a garin nan kaf mutum ɗaya ce mai shi. Ta juya ta yi wa Hajiya jaje.

Hajiya ba ta san na ware nata gashin daban da izgar ba. A ganinta ɗan abin da Allah Ya bar mata ne tsuntsuwa ta ɗauke. Nan take ta ce kanta ya sara. Ta kai hannu za ta dafe goshi, ta manta da zunguru, ta ƙwala wa kanta shi ƙwal, ciwon ya zama na gaske. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafu a ɗaure, ta koma daɓas. Yalwa kuwa ta shiga ba da labarin wata mata a ƙauyensu da haka ta faru da ita, wai har ta mutu tana gaida turmi da safe tana tambayarsa mutan gida.

"Tabawa," in ji Hajiya, "shekara nawa ina kawo miki kaina? In gashin nan ya kwana a sheƙa, wallahi daga Maigatari har Gagarawa sai an san abin da ake yi a gidan nan."

Dariya ce ta fara taso mini, don na san mai gashin tuni aka cinye shi a miya. Na buɗe baki zan ce Hajiya kwantar da hankalinki, ai izgar ce. Kalma ɗaya ta rage ta fito Gwaggo ta taka mini ɗan yatsan ƙafa da dugaduginta, ta murza. Sai a lokacin na ga inda muke. In na yi shiru, sunan gidan ya ɓaci. In na faɗa a gaban Yalwa, gobe a wurin suna Hajiya ce abin hira, matar da ta shekara da shekaru tana yawo da wutsiyar sa a ka. Gaba kura, baya sayaki.

Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Kande, hau ki ɗauko wa Hajiya gashinta."

Na ce, "Gwaggo, ni? Da aurena?"

Ta ce auren nawa zai jira ni a ƙasa.

Na ci ɗamara da gyale, aka jingina turmi na taka, na rungumi bishiya. Rabona da hawa tun ina tallar dafaffiyar gyaɗa. Reshen farko na ci shi da addu'a. A na biyu tururuwa suka gane sun yi baƙuwa, suka shiga zanina ta ko'ina, ga hannu babu halin sosawa. Daga ƙasa Hajiya na nuna mini hanya da zunguru, dama, hagu, a'a sama, kamar ɗan sandan kan titi a Kano. Da na wuce tsayin katanga sai na tuna abin da na manta. Bayan gidan rumfar teloli ce, kuma yayan mijina a nan yake ɗinki. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Muka haɗa ido da shi. Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji na ce masa ina wuni, Yaya. Ya amsa lafiya lau, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keken da babu yadi a ciki. Kunyar da na ji ranar, ko a ɗakin haihuwa ban ji irinta ba.

Na kai ga sheƙar, gwara na tsiwa a kaina. Da ƙwai a ciki, don haka ban sauke ta ba. Na sa yatsa na zaro abin da ya zaru, na cusa a ɗamara na sauko, rabi hawa rabi faɗuwa.

Ana wata ga wata. Da aka baje abin a faifai, ba silin Hajiya kaɗai ba ne. Dunƙule ne na gashi iri-iri, gajere da murɗaɗɗe, har da furfura. Ashe tsuntsayen bishiyar nan sun daɗe suna cin arzikinmu. Matan nan biyu masu jira suka dubi juna, ɗaya ta ce dama tun azumi take jin kanta na yi mata nauyi, ɗayar ta ce ita ma. Yalwa ta fara tattara kayanta da sauri, ka san labari ya ishe ta ɗauka. Na ce a raina shi ke nan, sai mu koma sayar da ƙosai.

Gwaggo Tabawa mace ce da ko mu 'yan gida ba mu taɓa ganin kanta a buɗe ba, tana cewa ita furfura ba ta san gidansu ba. Sai ga shi ta sa hannu ta zame kallabi a gaban kowa. Kai fari fat kamar audugar rimi.

"Duk wannan nawa ne," in ji ta. "A nan nake taje kaina in kun watse. Da sheƙa na haukata mutum, da tuni ina kasuwa ina tsince-tsince. Na masu zuwa kitso kuwa, ɗaya ne ya taɓa fita, ga shi an dawo da shi."

Ƙarya ce, baƙin gashin da ke ciki bai yi kama da nata ba ko kaɗan, amma idon kowa ya tafi kan furfura. Ta zaro dogon silin za ta ƙulle. Yalwa ta riga ta kai hannu. Ta murza shi, ta ja shi, ta ɗaga shi a rana, ta ce ikon Allah, gashin Hajiya da ƙarfi, sai ka ce izga.

Na dubi Hajiya. A nan ta gane. Na ga fuskarta ta saki don murna, ta sake ɗaurewa don tsoro, duk cikin numfashi ɗaya. Amma Hajiya ba ta yi zaman Maigatari, kasuwar kan iyaka, a banza ba. Ta gyara zama, ta ɗaga zunguru, ta ce gadon gidansu ne, kakarta ta wajen uwa da gashinta ake ɗinke ƙwarya in ta fashe. Gwaggo ta ce ta ji labarin matar. Ni ma na ce na ji. Yalwa ta tambayi abin da take shafawa, Hajiya ta ce man shanu da haƙuri.

Da aka kwance lalle muka koma ɗaki muka rufe ƙofa, Hajiya ta tambaya cikin raɗa ko ciwon kan zai kama mai wutsiyar. Gwaggo ta ce in ya kama shi ma ba zai ji ba, kan nasa an yi farfesu da shi. Hajiya ta cusa fuska a filo tana dariya har hawaye. Da ta ɗago ta ga ƙurajen tururuwa a hannuna, sai dariyar ta tsaya. Ta riƙe hannun, sannan ta kwantar da kai a cinyata, abin da a da Gwaggo kaɗai take yi wa.

Yalwa ta kai labari kamar yadda muka zata, sai dai ya yi mana rana. Ta ce a gidan Tabawa har bishiya ake hawa saboda silin gashi ɗaya. Mata suka yi ta zuwa daga ƙauyuka. Gwaggo ta sa aka riƙa rufe kowace ƙwarya da faifai, furfurarta kuwa ta zama abin tsokana har ta bar duniya. Ni kuma dangin mijina suka zaunar da ni suka yi mini faɗa, suka tambayi abin da ya kai matar aure saman bishiya. Na ce aiki. Suka ce wane irin aiki. Na ce aiki dai.

Bayan shekaru masu yawa, ina da nawa gidan kitson, aka aiko mota daga Maigatari. Hajiya ta rasu, kuma ta bar wasiyya cewa a wajen wanka kada kowa ya taɓa kanta sai ni. Na shiga, na nemi masu wankan su ɗan juya baya. Na warware kitson da na yi mata da hannuna, na cire abin da ba nata ba na sa a lalitata, na kama ɗan nata na yi mata kalba uku ƙanana, na rufe. Na yi kuka sosai. 'Ya'yanta har yau suna alfahari da gashin uwarsu.

Don haka in an tambaye ku wurin gyara na kirki, ku ce a duba tsabtar mataji da aska, a duba ko hannun mai kitso na da sauƙi, ko tana yanke farce ba ta ci nama ba. Amma a fi sauraron bakinta. Wadda ta ba ki labarin kan wata tana yi miki kitso, gobe naki za ta bayar. Mace in ta cire ɗankwali a gabanki ta ba ki abin da ko mijinta wataƙila bai gani ba, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ku ma da na ba ku labarin nan, kada wadda ta zo ta tambaye ni sunan Hajiya na gaskiya, don na fi son in sake hawa darbejiya da wannan gwiwar tawa.