Alhamis Biyar a Gaban Kasko

Duk wanda ya gan ni a kakar bara sai ya ce boko ne ya fi ƙarfina. Na rame, ba na cin abincin kirki. Inna ta ce a karɓo mini rubutu in sha, yayana ya ce dama kwaleji ba sakandare ba ce. Duk ba su gane ba. Karatun bai taɓa ba ni wuya ba. Zama ne ban yi ba, kuma ban san shi ma zaman ƙirga shi ake yi ba.

A wajenmu ba a auna aiki da agogo. In Baba ya ɗauki 'yan ƙwadago, kunya yake nuna musu, daga gindin kuka zuwa iyakar gona. Wanda ya gama da hantsi ya saɓa fartanyarsa ya tafi, wanda ya kai azahar shi ya so. Da wannan kan na shiga kwalejin horon malamai a birni. Kullum daga gida nake zuwa, acaɓa zuwa Minjibir, daga nan bas. Baba kuwa a gaban 'yan'uwansa ya yanke mini: shekara uku, ko kwana ɗaya ba ƙari, in ban gama ba in dawo gida.

Akwai wani kwas da aka rubuta masa yunit uku a takardar rajista. Ban ko tambayi me ukun take nufi ba. Awa biyu ranar Alhamis, awa ɗaya Litinin da ƙarfe takwas na safe. Malamin ya raba mana takardun darasi, na cinye su cikin sati uku. Abin da ke ciki shi yake zuwa ya karanta mana, layi bayan layi.

Alhamis kuma ranar matsar mai ce a gidanmu, don kasuwarmu Juma'a take ci. A lokacin wuyan hannun Inna ya kumbura, ba ta iya murza tunkuza. Wata Alhamis na saka hijabi zan fita, Baba yana zaure.

"Abin da aka ba ki a kwas ɗin nan, kin gama?"

"Na gama, Baba."

"To me za ki je yi? Gadin benci?"

Na yi dariya, na cire hijabin. Ba zan ɗora masa laifi ba, ni ma haka na gani. Alhamis biyar na yi ina matsa, ina murza, ina tsame ƙuli-ƙuli daga kasko. Da aka yi gwaji a aji ma na ci sosai, sai na ƙara sakin jiki.

Saura sati huɗu a fara jarrabawa, malamar da ke kula da 'yan ajinmu ta kira ni ofis. Takardun da muke sa hannu a kowane darasi suna gabanta.

"Ke ce 'yar Minjibir?"

"Gaba da Minjibir, Malama."

"Ko gaban Zakirai ne. Ina kike zuwa ranar Alhamis?"

Na ce mata ai na gama takardun, ta tambaye ni ko ina ne a ciki. Ta zare tabarau ta dube ni.

"Wa ya ce miki takarda muke ƙirgawa? Yunit uku, awa uku ke nan a aji kowane sati. Sati goma sha biyar, awa arba'in da biyar. Wanda bai zauna kashi uku cikin huɗu ba, ba ya shiga jarrabawa, ko da shi ya rubuta littafin. Kin zubar da goma. Awa ɗaya ta rage miki da za ki iya fashi."

"Amma Malama, na sani fa."

"Ki sani a zaune."

Ta ƙara da cewa sau ɗaya ake yin kwas ɗin a shekara, kuma sai an ci shi ake ɗaukar na gaba. Ma'ana shekara huɗu. Ni kuwa ba ni da ta huɗu.

Na daina fashin Alhamis nan take, maƙwabciyarmu ta karɓi matsar. Amma Litinin ce ta hana ni sakat. Takwas da kwata malamin yake naɗe takardar sa hannu, ita kuwa motar Minjibir ba ta san takwas ba, sai ta cika take tashi.

Litinin ta farko ina cikin bas tun gari bai gama wayewa ba, saura mutum biyu. Kwandasta yana ta kira. Wani dattijo ya zo da akuya, aka tsaya gardamar inda za a sa ta.

Na ce, "Direba, don Allah mu tafi haka, za mu samu mutane a hanya."

Ya leƙo ta madubi. "Hajiya, jirgi za ki kama?"

"Aji zan kama."

"Ajin ƙafa gare shi?"

Motar ta ɗauki dariya. Ni kuwa ina ta duba waya, ina jin kamar in sauka in tura motar da hannuna. Na shiga aji takwas da minti goma sha huɗu, a guje, takardar tana hannun malamin. Na sa hannu a gaggauce, sunan ko ni ban gane shi ba.

Da na zauna ban ji ko kalma ɗaya ta darasin ba. Lissafi nake: saura Litinin uku, kuma akuya biyu sun isa su cinye mini komai.

Baba yana da ƙanwa a birni, unguwarsu ba nisa da kwalejin. Ba ma shiri da ita, bakinta ya fi nawa kaifi, kuma ɗan kwanan da na taɓa yi a gidanta da kuka na baro shi. A hanyar komawa na yanke shawara. In Baba ya dawo daga sallar la'asar zan same shi a zaure, in faɗa masa Alhamis biyar ɗin nan yadda suke, ba ragi, in roƙe shi ya kira gwaggo da bakinsa, ta bar ni in zauna a gidanta. Sati uku ne. Ta faɗi duk abin da za ta faɗa, ni dai in taka da ƙafata in isa aji kafin takwas.