Ranar da Akuya Ta Zo Ajinmu

Ina tsakiyar darasin noma da 'yan aji shida a wata sakandare a Kebbe, sai ga wani dattijo a bakin ƙofa, janye da akuya tana ɗingishi. Ashe mahaifin ɗalibata Hauwa'u ne.

Ya yi sallama, ya ce, "Malam, ɗiyata ta ce likitar bisashe taka son zama. To, ga wagga akuya, tun jiya ba ta taka ƙafa guda. In ta gane ciwon, ta wuce jami'a. In ta kasa, ta komo gida mu yi kiwo."

Ni kuwa a allo kawai na taɓa nuna musu kofato.

Hauwa'u ta durƙusa, ta wanke kofaton, ta lalubo wata ƙaya ta zare. Ta ce, "Baffa, ga ta. Magani ne ba a koya muna ba tukuna."

Dattijon ya yi dariya, ya ce, "To, tai ki karanto shi."

Wallahi ranar na ji daɗin zama malami. Ku fa, wa ya fara gwada ku a sana'arku?