Kunun Shinkafa Ba Sikari

Shekara tara ina sayar da shayi a bakin tasha a Jega, kafin wasu 'yan Caina masu aikin hanya su kafa sansani wajen Maiyama, su nemi mai dafa musu karin kumallo. Gwajin kwana huɗu suka ba ni. Ni kuwa don zumuɗi har na sayar da teburina da butocina, komawa baya babu ita.

Tafintansu, wani mutumin Aliero, a tsaye ya yi mini bayani: shinkafa kaɗan, ruwa da yawa, a dafa har ta narke. Ƙarfe shida babban injiniyansu, wani tsoho mai ciwon ciki, zai sha kafin su fita aiki.

Na dafa, na ɗanɗana. Subhanallahi! Salam, kamar ruwan wankin shinkafa. Na ce lalle tafinta mantuwa ya yi. Ni da duk tasha ta san ni da sakin hannu, in miƙa wa baƙo, dattijo kuma, abin da ko majinyaci sai ya ture? Na antaya sikari da madara. Tsohon ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye, ya sa hular kwanonsa ya fita.

Washegari na ce zaƙin ne ya yi yawa. Na rage, na jefa citta da kanumfari. Ƙamshin kawai ya ji ya ture. Rana ta uku na sa tsamiya, har da ƙosai a gefe.

Tafinta ya same ni a kicin. Ya ce, "Malam, wai mi kaka zubawa ciki? Tsohon ga kwana ukku bai karya ba. Gobe in ya tashi hakanan, sai dai ka yi haƙuri."

Raina ya ɓaci wallahi. Na ce ai kyautatawa nake yi.

Ya ce, "Wa ya roƙe ka?"

Maganar ta shige ni. Da asuba na kulle sikari da madara a akwati, na ba mai gadi mabuɗin, don na san halin hannuna. Na tsaya kan tukunyar nan ina juyawa har shinkafar ta saki jiki. Na yanka ɗan lawashi, na dafa ƙwai, kamar yadda tafinta ya ƙara mini bayani. Kunya kamar ta kashe ni da na ɗauki kwanon. Ban taɓa ba mutum abu tsirara haka ba.

Tsohon ya leƙa, ya shinshina, ya fara sha. Bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu, yana neman ƙari.

A nan na gane. Kwana uku dattijo yana yini cikin rana da ciwon ciki, ba komai a cikinsa, ni ina can ina yabon kaina. Na karɓi kwanon na juya kicin da sauri, kada ya ga idona.